Wankin ƙasa da tsiro: amsar tambayoyin da 'yan uwa suka ishe ni da su

Ni ɗan Jazira ne, a ƙasar Sudan. A wani kambo, wato sansanin leburorin gona, tsakanin Madani da Sinnar aka yanke mini cibiya, iyayena kuwa daga Mai Wurno suka gangaro neman aikin auduga. Ina karatun digiri na biyu, majistir kamar yadda muke cewa a nan, kuma bincikena a kan yadda ake amfani da tsiro a tsabtace ƙasar da guba ta shiga ne. Larabawa suna ce masa mu'alaja nabatiyya, ni kuwa a gida wankin ƙasa nake cewa. Tun da na fara, ko wurin mai shayi na zauna ko na buɗe WhatsApp na dangi, tambayoyin ba sa canzawa. Shi ya sa na tara su wuri guda.

Wai da gaske ciyawa ka je jami'a karantawa?

Wannan ta kakata ce. Cewa ta yi, "Kai mijin nawa, sa'o'inka suna can suna karatun likita, kai ka ƙare a yankan ciyawa? Ai da ka faɗa mini na koya maka kyauta." Na ce mata, "Amarya, ba ki yi ƙarya ba, ciyawar ce."

Saiwa tana shan ruwa tare da duk abin da ya narke a cikinsa. Tana da ƙofofi na musamman da abincin tsiro yake shiga, amma mai gadin ƙofar ba shi da wayo sosai. Kadmiyom, wani ƙarfe mai lalata ƙoda, yakan saje da tutiya ya wuce ta ƙofarta. Arsenik kuma kamanninsa ɗaya da fosfat ɗin da ke cikin takin zamani, sai ya bi ta nan. Yawancin tsirrai idan abin ya yi yawa sai su yi rawaya su mutu. Kaɗan daga ciki suna jurewa, wasu ma har su kai gubar cikin ganye su adana. Su muke nema.

Akwai bambanci guda da nake so kowa ya riƙe tun daga nan, domin duk sauran amsoshin a kansa suka rataya. Datti iri biyu ne. Akwai mai ruɓewa, kamar baƙin mai da man fetur da yawancin magungunan ƙwari. Wannan ƙwayoyin halittar da ke zaune a jikin saiwa suna iya cinye shi a hankali har ya zama ba komai. Akwai kuma wanda ba ya ruɓewa har abada, wato ƙarafa irin su dalma da zaiba da kadmiyom da kuromiyom. Waɗannan babu tsiron da yake kashe su. Ɗaukarsu kawai yake yi daga nan ya ajiye can.

Mu da ba mu da manyan masana'antu, wace guba ce a ƙasarmu?

Duk wanda ya girma a Jazira ya san ƙarar jirgin feshi, ya kuma san warin da ke biyo bayansa. An buɗe aikin noman ban-ruwa na Jazira a 1925, shekarar da aka gama madatsar Sinnar, kuma tun shekarun 1940 ake fesa wa auduga magani. Da DDT aka fara. An daɗe da daina amfani da shi a gona, amma shi irin baƙon nan ne da ba ya jin sallama: yana rikiɗa ya koma wani abu da ake kira DDE, ya zauna a ƙasa shekara da shekaru, ya taru a kitse da nono. Mafi muni ba a hawasha, wato gonar manomi, yake ba. Yana wuraren da aka ajiye gangunan, da filayen da jirage suke shan lodi, da inda aka binne wanda ya lalace. Mutanen Hasahisa suna da wurin da su da kansu suke kira maƙabartar magani.

Sai zinariya. 'Yan uwanmu nawa ne suka tafi dahaba wajen Abu Hamad da Abidiyya? Ana niƙa dutse, a cuɗa garin da zaiba ta kama zinariyar, a ƙona curin zaibar ta tashi sama. Abin da ya rage, karta, ana tara shi tsibi-tsibi, wasu su sake wanke shi da sayanaid. Ga majemu masu zubar da ruwan kuromiyom, ga masu fasa tsohon batirin mota su narka dalmar a bayan gida, ga garejin da ƙasarsa ta yi baƙi ƙirin da mai. Ba sai an ga bututun hayaƙi ba.

Wa ya fara gano wannan dabara?

Masu neman ma'adinai ne suka fara lura cewa wasu tsirrai ba sa fitowa sai a kan ƙasa mai ƙarfe. A 1976 aka ba da labarin wata bishiya a tsibirin Sabuwar Kaledoniya wadda ƙaronta shuɗi-shuɗi ne, idan ya bushe kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa nikel ne. A 1977 Robert Brooks na ƙasar Niw Zilan da abokan aikinsa suka sa wa irin waɗannan tsirrai suna, suka ce duk wanda ya tara nikel fiye da miligiram 1,000 a kilo ɗaya na busasshen ganye ya shiga sahu. A 1983 Rufus Chaney na ma'aikatar gona ta Amurka ya kawo shawarar a riƙa shuka su da gangan don tsabtace ƙasa. A 2001 kuma Lena Ma da tawagarta a Jami'ar Fulorida suka gano wani tsiron inuwa da ke zuƙar arsenik kamar an aike shi. Yau an san irin waɗannan tsirrai wajen 700, galibinsu na nikel.

Abin da ya dame ni tun farkon karatu shi ne, fitattun cikinsu 'yan ƙasar sanyi ne ko 'yan dajin ruwan sama. Kawo su Managil a watan Mayu, kwana uku ba za su yi ba.

To mu wane tsiro muke da shi?

Jema na sa a gaba, wannan ciyawar fadama da iyayenmu mata suke yin faifai da ita. 'Yar uwarta ta Indiya an fi yin bincike a kanta, saiwarta takan nutsa ƙasa har mita uku, tana jure fari, tana jure ambaliya. Jema ba ta cika kai ƙarfe cikin ganye ba, a saiwa take riƙe shi. Saboda haka ita ba mai wanki ba ce, mai ɗauri ce: tana hana iska da ruwa kwashe ƙasar su kai gidan mutane ko magudanar ban-ruwa, wato tur'a. Kada a raina wannan aikin. Guba mai yawa ta hanyar ƙura take shiga jikin yara.

Tumfafiya, wadda maƙwabta suke kira ushar, ba ta neman izinin kowa, a bakin titi da juji da kufai duk tana nan, kuma dabba ba ta cika kula ta ba. Zurma tana girma da sauri, ba a cin 'ya'yanta, manta kuma na masana'anta ne. Furen rana, abbad ash-shams, manoman Damazin da Gadarif sun san shi sarai. Rama tana yin kara mai yawa kuma tana jan kadmiyom, dattawan Sinja ba su manta da aikin ramar Abu Na'ama ba. A ruwa akwai kainuwa, dashen Allah, da bus, doguwar ciyawar nan mai kara ta bakin kogi.

Bus ɗin ma ya riga ya yi aiki a ƙasar nan. A rijiyoyin mai na Hijlij, ruwan da ke fitowa tare da ɗanyen mai an riƙa bi da shi ta cikin tafkuna cike da bus, ƙwayoyin halittar jikin saiwar su cinye ragowar man, sannan a shayar da itatuwa da ruwan. A Nimr ta ƙasar Oman akwai irinsa mai girman gaske. Ka ga wannan datti ne mai ruɓewa, shi ya sa abin ya yi kyau.

Ga wani abin mamaki. Yawancin tsirrai ba sa iya jan tsohon DDT daga ƙasa, amma wasu daga dangin kabewa, musamman kusa, ƙaramar kabewar nan mai kama da kokwamba, suna ja. Ga mai bincike wannan albishir ne. Ga wanda ya shuka kusa a gefen tsohon ma'ajin magani yana kai wa kasuwa, labari ne mara daɗi.

Idan tsiron ya sha gubar, ina take zuwa?

Kawuna ne ya yi mini wannan tambayar, muna zaune bakin abu ishrin, ƙaramar magudanar da ke kai ruwa gona, kuma har yau ban ji wadda ta fi ta ba, ko a zauren jami'a. Ya ce, "Ɗan nan, idan na wanke riga, dattin yana cikin ruwan wanki, ruwan kuma na san inda zan zubar. Kai ina kake zubar da naka?"

Ruwan wankina shi ne girbin. Ganyen da karan da saiwar da suka sha dalma sun zama shara mai guba, ko da idonka yana ganin kore shar. Idan na bar su suka bushe suka zube a wurin, ƙarfen ya koma inda ya fito, har ma ya fi da muni, domin na ɗebo shi daga ƙasa can ciki na shimfiɗa shi a sama inda yaro yake rarrafe. Idan na yi taki da su, na kai wa wata gona. Idan mace ta kwashe karan ta hura wuta ta yi kisra, wani ɓangaren ya bi hayaƙi, sauran ya zauna a toka. Mu kuwa ba ma zubar da toka, muna yin ruwan toka da ita, muna barbaɗa ta a gindin kuɓewa. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Yadda ya kamata a yi shi ne a girbe kafin ganye ya fara zuba, a shanya a kan leda cikin shinge, a ƙona a murhu na musamman mai tace hayaƙi, sannan a binne tokar a rami mai shimfiɗa wanda ruwa ba ya ratsawa. Amfanin duka wahalar a nan yake: maimakon ka kwashe tan dubu na ƙasa ka rasa inda za ka kai, sai ka ƙare da 'yan buhunan toka. Tsiro bai ɓatar da gubar ba, ya dai tattara maka ita a wuri ƙarami.

Na karanta takardun bincike da yawa da aka yi a ƙasashenmu. Marubuci zai cika shafi goma yana yabon yadda tsiro kaza ya zuƙi ƙarfe, ya zo kan girbin ya ce "a zubar da shi ta hanyar da ta dace", layi ɗaya, ya wuce. Wace hanya? A ina? Wa zai biya kuɗin mota? A ganina duk wanda bai amsa wannan ba, rabin bincike ya yi.

Idan akuya ta ci fa?

Za ta ci kuwa. Wannan shi ne abin da littattafan Turai ba su shirya mu a kansa ba. A can ana kafa allo a rubuta an hana shiga, magana ta ƙare. A nan, a tsakiyar rani, ka shuka fili kore a gefen gari, ai gayyata ka aika wa kowace akuya da kowane jaki da kowane yaro mai lauje.

Ni ma ta faru da ni. Na jera tukwanen gwajina a bayan ɗakin bincike, na kewaye su da waya, na tafi sallar Juma'a. Na dawo na tarar da wata akuya ta cusa kai ta ƙarƙashin wayar ta aske mini ramar layi guda tas. Allah ya taimake ni layin ƙasa mai tsabta ne, wanda ake ajiyewa don kwatance. Amma na tsaya ina kallon akuyar nan, hantsarta cike, na san da yamma wata uwa za ta tatse ta ta zuba wa yara a shayi. Tun daga ranar na canza tsarin bincikena. Na daina tambayar wane tsiro ya fi shan guba, na koma tambayar wane tsiro ne yake sha kuma babu mai sha'awar cinsa.

Da wannan ma'aunin, gwanaye da yawa sun faɗi. Rama kwaɗo ake yi da ita. Alayyafo yana jan ƙarfe sosai, amma miya ce. Barsim, ciyawar da ake noma wa dabbobi, yana taimakawa wajen ruɓar da mai a ƙasa, amma wa zai ga barsim ya bar shi? Furen rana ana matse mansa, tunkuzarsa kuma, umbaz, ta tafi wurin shanu. Ko auduga da ba a ci, anguryarta ana ci. Kadmiyom a hanta da ƙodar dabba yake taruwa, mu kuwa mun san matsayin hanta a faranti ranar layya. A jikin mutum kuma yakan yi shekara goma zuwa talatin kafin rabinsa ya fita. Mutanen Toyama a Japan sun ga haka da idonsu, inda ruwan mahaƙa ya shiga gonakin shinkafa, ƙasusuwan mata suka riƙa karyewa, har ciwon ya samu suna daga ihun da suke yi, itai-itai. A 1968 gwamnatinsu ta amince kadmiyom ne sanadi.

Saboda haka tumfafiya da zurma, waɗanda ba su kai wasu ƙwazo ba a ɗakin bincike, a wurina sun fi daraja. Kuma shinge da mai gadi da yardar shehun unguwa da matan da ke yankan ciyawa ba ƙarin bayani ba ne a ƙarshen takarda. Da su ake fara lissafi.

Shekara nawa ake ɗauka kafin ƙasa ta wanku?

Bari mu yi lissafi tare, da adadin da na ɗauka don misali kawai. Fadan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne. Ƙasar saman da garma take juyawa, zurfin santimita 20, nauyinta ya kai tan 1,100. A ce akwai miligiram 100 na wani ƙarfe da ya wuce ƙa'ida a kowane kilo. Wannan kilo 110 ke nan a fadan. Ka shuka tsiro mai ba ka tan 5 na busasshen girbi, kowane kilo ɗauke da miligiram 100. Ka fitar da rabin kilo. Kana bukatar girbi 220. Ko sau biyu kake yi a shekara, jikanka ma ba zai ga ƙarshensa ba.

Yanzu canza tsiron, ka sa irin gwanayen nan da ƙarfe yake kai kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsu. Ko tan 2 kawai suka ba ka, kilo 20 ne a girbi guda, aikin girbi shida. A takarda ke nan. A gona ya fi haka, domin tsiro yana fara kwashe na sauƙi ne, abin da ya rage kuma ya manne. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Me ya sa kake cewa ƙasar Jazira ta fi taurin kai?

Wanda ya taɓa tafiya a hawasha bayan ruwa ya san yadda laka take kama takalmi. Haka take kama ƙarfe. Ƙasarmu baƙar laka ce mai tsagewa da rani, fiye da rabinta yumɓu ne, kuma tana da kanwa-kanwa, ba tsami ba. A irin wannan ƙasa dalma da kadmiyom ba sa narkewa da sauƙi. Wannan rahama ce ga mai cin amfanin gona, domin kaɗan ne yake shiga dawa. Ga mai son fitar da su kuwa, ciwon kai ne.

An ga irin wannan a wani wuri. Bayan hatsarin tashar nukiliya ta Carnobil na 1986, an ɗora furen rana a kan abin da ke yawo bisa ruwa a wani tafki, saiwoyin suna lilo cikin ruwa, suka kwashe sinadaran nukiliya masu yawa. Da na Fukushima ya faru a 2011, mutane suka shuka furen rana ko'ina. Gwajin hukuma ya nuna abin da ya fitar bai taka kara ya karya ba, domin a can cikin ƙasa ne, yumɓu ya riga ya damƙe sinadarin. Dole aka koma kankare saman ƙasa.

Akwai wani sinadari, EDTA, da ake zubawa ya kwance ƙarfen daga jikin yumɓu don saiwa ta samu. Yana aiki. Sai dai abin da saiwa ba ta kama ba yakan bi ruwa ya gangara, mu kuma a ƙasan nan rijiyarmu take. Ana maganin ƙaba kai yana kumbura. Ban sa shi a gwajina ba.

Da an shuka irin wannan a Zamfara, da yaran nan sun tsira?

A'a. A 2010 aka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ana niƙa dutsen zinariya mai dalma a tsakar gida, kuma fiye da 400 suka rasu. A wasu gidajen dalma ta haura miligiram 100,000 a kilo ɗaya na ƙasa. A irin wannan wuri tsiro ba zai rayu ba, yaro kuma ba zai jira ba. Abin da aka yi shi ne daidai: aka kankare saman ƙasar, aka binne ta nesa, aka zuba sabuwa, sannan aka ba yara maganin fitar da dalma. Bagega sai a 2013 aka kai gare ta. Dalma ma tana cikin ƙarafan da suka fi ƙin hawa ganye. Wankin tsiro na fili mai faɗi ne mai guba kaɗan ko matsakaiciya, inda babu gaggawa.

Zaibar 'yan dahaba fa?

Ita ta fi kowa rashin jin magana. Tsiro yakan riƙe ta a saiwa, kaɗan take hawa, kuma ba a ƙona girbinta a fili domin tashi take yi. Inda aikin zinariyar yake ma, arewa, hamada ce, ruwan sha da tanka ake kawowa balle na ban-ruwa. Abin da ya fi tsorata ni shi ne idan ambaliya ta kwashi karta ta kai Nilu. A cikin laka ƙwayoyin halitta suna mayar da zaiba wani nau'i da ke taruwa a naman kifi, ƙarami ya ci, babba ya cinye ƙarami. Irin wannan zaibar ta cikin kifi ce ta jawo ciwon da aka gano a 1956 a Minamata ta Japan, garin da yarjejeniyar duniya ta 2013 kan zaiba ta ɗauki sunansa. Su wa ke kamun kifi a madatsun ƙasar nan, daga Rusairis zuwa Jabal Auliya? Mu ne. Maganin zaiba a bakin wutar da ake ƙona ta yake, da tukunya mai murfi da bututu wadda take kama tururin ta mayar da shi ruwa.

Ga a'ashab an-Nil da miskit sun addabe mu, me zai hana a sa su aikin?

A'ashab an-Nil, ciyawar nan mai shuɗin fure da ke yawo a kan ruwa, gwana ce wajen tsotse datti daga ruwa. Amma tun ƙarshen shekarun 1950 da ta bayyana a Farin Nilu take toshe hanyar jirage da bakin famfo. A cikin kwali na siminti da ba ya haɗe da kogi, na yarda. A tur'a, ko da wasa. Miskit kuma, bishiyar nan mai ƙaya, an kawo shi a 1917 don tare hamada, ya cinye Tokar da Gash da Sabuwar Halfa, har a 1995 aka ba da umarnin a tumɓuke shi. Ƙari a kan haka, akuya tana son 'ya'yansa, mutane suna gawayi da shi. Ya faɗi jarrabawata ta ko'ina.

Yaya ake gwajin, a taƙaice?

Ana ɗebo ƙasa daga wurare da yawa a fili ɗaya, a shanya, a tankaɗe, a auna abin da ke cikinta. A zuba a tukwane, kowane gwaji aƙalla sau uku, tare da tukwanen ƙasa mai tsabta da kuma na ƙasa mai guba da ba a shuka komai ba, don kada ka yaba wa tsiro aikin da rana da ruwa suka yi. Bayan wata biyu ko uku a tumɓuke. Wankin saiwa shi ne wurin da ɗalibai suke yaudarar kansu: ɗan yumɓun da ya maƙale sai ya sa ka ɗauka tsironka gwarzo ne. A busar a tanda mai zafin digiri 70, a niƙa, a narkar da garin a ruwan asid, a kai wa na'urar da ke ƙona ɗigon a harshen wuta ta karanta yawan ƙarfen ta hasken da ya shanye. Lamba biyu muke nema. Na cikin tsiro ya fi na cikin ƙasa? Na cikin ganye ya fi na cikin saiwa? Idan duka biyun e ne, ka samu mai wanki. Idan na farko kawai, mai ɗauri ne.

Yaƙi bai tsayar da kai ba?

Ya tsayar. An fara a Hartum ranar 15 ga Afrilun 2023, a watan Disamba ya iso Madani. Na bar tukwane cike da shuka, na fita da littafin rubutuna da hotunan da ke waya, muka nufi Gadarif da iyali. Abin da ya riƙa hana ni barci a can ba digirin ba ne. Buhunan ƙasa mai guba ne da na bari a jingine, masu kama da taki, babu rubutu a jiki sai lambobin da ni kaɗai na san ma'anarsu. Yanzu duk buhun da na cika sai na zana masa ƙoƙon kai da jan fenti, na rubuta da Larabci da ajami.

Ina da fili kusa da wurin da nake zargi. Me zan yi?

Gwaggona ta tambaye ni haka game da wani fegi a bayan tsohon gareji. Na ce mata, "Gwaggo, ganye dai a'a." Lalo da jirjir da rijla da alayyafo su suka fi ɗaukar abu, ta saiwa da kuma ta ƙurar da ke sauka a kansu. Bayansu sai masu yin 'ya'ya a cikin ƙasa. Tumatir da kuɓewa da itatuwan marmari sun fi dama-dama, ban da kabewa da kusa idan maganin ƙwari ake zargi. Idan dole sai ganyen, a yi shi a buhu ko rabin ganga da ƙasar da aka ɗebo daga wani wuri, gangar kuma kada ta zama ta magani, ko an wanke ta sau goma. A rufe tsirarar ƙasa da yashi mai tsabta ko ciyawa, a hana yara wasa a wurin, a wanke musu hannu kafin abinci. Mai fasa batir kuma ya bar kayan aikinsa da takalminsa a waje.

To a ƙarshe akwai kuɗi a cikin abin?

Wannan ta ƙanena ce, shi komai sai ya ji ribarsa. Akwai, amma ba a gonarmu ba. A Albaniya manoma suna shuka wani tsiro mai rawayan fure a kan ƙasar da Allah ya yi ta da nikel, su girbe, a ƙona, a fitar da nikel daga tokar, wajen kilo 100 a hekta, a sayar. Nikel yana da tsada kuma tsiron yana tara shi da yawa, shi ya sa lissafin yake fita. Dalma da kadmiyom na bayan gareji babu mai saye. Da ya ji haka sai ya ce to in nemo masa tsiron da ke shan zinariya. Na ce masa an gwada, da ganyen mustad, sai an zuba wa ƙasar wani sinadari mai narkar da zinariyar tukuna, kuma abin da ake samu bai kai kuɗin sinadarin da wahalar ba a yawancin wurare. Ya ce in ci gaba da bincike, idan na dace shi ne mai shinge.